Super Mario 64 DS: Me Aka Ƙara, Me Aka Rasa Da Wasan Ya Koma Na'urar Aljihu?

Super Mario 64 ya fito a Japan a watan Yunin 1996, rana ɗaya da Nintendo 64, na'urar gem da ake jonawa da talabijin. Bayan shekara takwas kamfanin Nintendo ya sake gina shi don Nintendo DS, na'urar hannu mai fuska biyu da ake ninkewa a sa a aljihu. Har yau masoya Mario ba su gama musu a kan wanne ya fi ba.

Wane irin wasa ne na asalin, da ake yawan ambatonsa haka?

Kafin shi, Mario gudu yake yi daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka yana taka maƙiya. Shigeru Miyamoto, mai tsara wasanni a Nintendo, da mutanensa suka fito da shi fili, inda zai iya nufar gabas ko yamma, ya hau dutse, ya yi nutso. Bowser, babban maƙiyin Mario, ya kame fadar Gimbiya Peach, ya ɓoye taurarin fadar a cikin hotunan da ke rataye a bango. Mario na faɗawa cikin hoto sai ya tsinci kansa a wata duniya: filin yaƙi, dutsen ƙanƙara, hamada, har da cikin agogo. Manyan duniyoyin 15 ne, taurarin 120, amma 70 sun isa a kai ga karawar ƙarshe da Bowser.

Na DS kwafi ne kawai aka matse a ƙaramar na'ura?

A'a. Fadar tana nan, duniyoyi 15 suna nan, amma an sake zana jaruman, an ƙara wa kowace duniya tauraro ɗaya, an cusa wasu a lungunan fada, jimla ta koma 150. Wanda yake son ganin Bowser na ƙarshe sai ya tara 80. Fuskar ƙasa ta na'urar kuma tana nuna taswirar wurin da kake, abin da babu shi a na 1996. Ya fito a Amurka a Nuwamban 2004 tare da na'urar kanta, Japan a Disamba, Turai a Maris na 2005.

Gaskiya ne ba da Mario ake farawa ba?

Gaskiya ne, kuma wannan ne ya fi ba mutane mamaki. Mario da ɗan'uwansa Luigi da abokin hamayyarsa Wario sun shiga fada ba su fito ba, sai aka taso Yoshi, koren dinoso abokin Mario, daga barcinsa a saman rufi ya je nemansu. Kowannensu an kulle shi a ɗaki, mabuɗin kuma yana hannun wani babban dodo: Goomboss ke riƙe da na Mario, King Boo na Luigi, Chief Chilly na Wario.

Kowa da halinsa. Yoshi ba ya naushi, haɗiye maƙiyi yake ya mai da shi ƙwai. Mario kaɗai ke dukan bango da ƙafa ya ƙara sama. Luigi ya fi kowa tsalle, in ya yi alkafura ta baya yana saukowa a hankali yana juyi. Wario nauyi gare shi, amma shi ke fasa baƙaƙen tubala. Akwai wata fure da ke ba kowa nasa ikon: Mario ya kumbura ya tashi sama, Luigi ya ratsa shinge, Wario ya zama ƙarfe, Yoshi ya hura wuta. A na asali Mario ne ke da ikon ɓacewa da na zama ƙarfe ta hanyar huluna. Raba su da aka yi yana sa ka riƙa komawa ɗakin sauya jarumi, ko ka nemi hular wani a cikin fili ka ari siffarsa. A ganina Luigi ya ɓata lissafi, domin tsallensa na tsallake wuraren da aka gina don su wahalar da Mario.

To me ya sa wasu ke cewa na talabijin ya fi?

Saboda sanda. Hannun Nintendo 64, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasa, yana da 'yar sandar analog a tsakiya, kuma a kanta aka gina wasan gaba ɗaya. Ka tura ta kaɗan, Mario ya yi sanɗa ya wuce tsiron nan mai haƙora da ke barci ba tare da ya tashe shi ba. Ka tura ta ƙarshe, ya ruga. Ka karkata ta da ƙanƙanin gashi, ya gyara tafiya a kan siririn katako. Ko jifan Bowser ma, kama wutsiyarsa ake yi a riƙa juya sandar har ya yi sauri a sake shi.

DS ba ta da wannan sanda. Maɓallin gicciye gare ta, wanda kusurwa takwas kawai yake bayarwa, gudu kuma sai an danne maɓallin Y. Nintendo sun san da matsalar, shi ya sa suka ba da damar sarrafa jarumi ta fuskar ƙasa mai amsa taɓi. Igiyar hannun da ke zuwa da DS ta farko tana da ɗan guntun roba da ake ɗaurawa a babban yatsa a riƙa zamewa a kan gilashin. Dabara ce mai kyau a takarda. A aikace, sanda tana komawa tsakiya da kanta kuma yatsa na jin iyakarta, gilashi kuwa shafaffe ne, ba ka sanin ka kauce sai Mario ya faɗa rami. A duniyoyin farko masu faɗi ba a cika jin wannan ba. A cikin agogo da kan dardumar da ke yawo a sararin sama, inda kuskuren taku ɗaya ke mayar da mutum farko, nan ake gane abin da aka rasa.

Hoton fa?

Jikin jaruman ya fi kyau, Bowser musamman. Amma fuskar DS ƙarama ce, ɗigo 256 a kwance da 192 a tsaye, kuma ba ta goge zanen bango da ƙasa yadda Nintendo 64 ke yi, don haka in ka matsa kusa za ka ga murabba'ai.

Akwai wani abu bayan farautar taurari?

Ƙananan wasanni 36, waɗanda akasarinsu ake buɗewa ta kama zomayen da ke yawo a fada. Da tsinken rubutu ake buga su: katin karta, harbi da gwafa, zana layi don Mario ya yi tsalle a kai. Su ne ma suka fi nuna amfanin fuskar taɓi. Haka kuma mutum huɗu na iya yin tseren tara taurari ba tare da waya ba, da kaset ɗaya tak, matuƙar kowa na da na'urarsa.

Ya samu karɓuwa?

Ƙwarai. Kowanne cikin biyun ya sayar da kwafi sama da miliyan 11. Sai dai da Nintendo suka tashi haɗa tsofaffin wasannin Mario uku don na'urarsu ta Switch a 2020, na Nintendo 64 suka saka.

Wanne ya kamata mutum ya fara da shi?

Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa wasan ya girgiza duniyar gem a 1996, ya nemi na asali da hannu mai sanda. Wanda ya riga ya haddace taurari 120 kuma yana son sabbin lunguna, na DS zai ba shi aiki. Kaset ɗin na DS yana aiki a 3DS, na'urar da ta gaji DS, wadda ke da faifan turawa a hagu. Ya fi gicciye daɗi a yatsa, amma wasan kusurwa takwas ɗin nan kawai yake karantawa, kuma gudu har yanzu sai an danne Y.