"Ai kaina kawai nake cuta": kuskuren masu shan sigari

Da yawa daga masu shan sigari suna ganin kansu a matsayin mutanen da ba su tauye haƙƙin kowa ba. Za ka ji mutum ya ce kuɗinsa ne, huhunsa ne, ina ruwan wani? Wasu ma har suna ganin sun kyauta don sun buɗe taga ko sun koma ɗaki na gaba.

Maganar ba haka take ba. Hayaƙin da ke tashi daga bakin karan sigari ba ya bi ta matatar da ke gindinsa, kuma shi ne na kusa ke shaƙa. A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna haddasa cutar kansa. Tun a 1981 wani mai bincike a Japan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da ba sa shan taba amma mazajensu na sha sun fi kamuwa da kansar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin wasu na kashe sama da mutum miliyan 1 duk shekara, mutanen da ba su kunna ko kara ɗaya ba.

Batun taga kuwa, rage hayaƙin kawai take yi, ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya ce iska ko raba ɗaki ba ya kawar da haɗarin. Yara suka fi shan wuya: asma, ciwon kunne, ciwon huhu. Ragowar hayaƙin ma yakan maƙale a labule, kujera da tufafi bayan an kashe sigarin, jariri kuma ya taɓa ya kai hannu baki.