Kwanon Abinci a Bakin Ƙofa

Ranar Asabar 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Washegari Lahadin Ista ce. Kafin mako ya zagayo an kulle gari, 'yan adaidaita sahu sun ajiye, kasuwar Sabon Gari ta yi tsit, ga azumin 'yan'uwanmu Musulmi ya ƙarato. Sai kuma mace-macen dattawa da suka girgiza birnin nan, har masu haƙar kabari suka fara kokawa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, kuma 'yar Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu, don haka na ga wannan lokaci ta fuska biyu. Da 'yan'uwana masu bi nake magana a yau, domin annoba ba ta yin sallama, kuma wadda ta wuce ba ita ce ta ƙarshe ba.

Mu mutane ne masu ziyara. Da zarar an sanar a sujada cewa wane ba shi da lafiya, kafin yamma ɗakinsa ya cika. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, Ubangijinmu kuma ya yabi waɗanda suka ziyarce shi yana rashin lafiya. Wannan ɗabi'a abin alfahari ce, ba na so mu rabu da ita. Amma cutar da ke bin numfashi ita ma a ƙafar mai ziyara take yawo.

A cikin makonnin nan aka kira ni gidan haya don in duba wani baba mai ciwon suga, yana fama da zazzaɓi da busasshen tari. Na tarar da mata sun cika ɗakin, taga a rufe, labule a sake, ana waƙa, ana ɗora masa hannu, kofi ɗaya na ruwa yana zagayawa. Yawancinsu sun haife ni, wasu ma masu hawan jini ne da nake auna su duk wata. Na durƙusa na ce, "Mama, don Allah ku yi haƙuri mu koma tsakar gida, mu yi addu'ar daga can." Shugabarsu ta dube ni ta ce, "'Yata, wato ba mu da bangaskiya ke nan?" Har yau ina jin nauyin tambayar, domin ƙauna ce zalla ta fito da su daga gidajensu a lokacin da kowa ke ɓuya. Na tuna mata cewa Shaiɗan ma aya ya jawo daga Zabura sa'ad da ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali, Yesu kuwa ya amsa cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Ta yi shiru, sannan ta miƙe, sauran suka bi ta. Muka buɗe taga, aka yi addu'ar a tsakar gida, baba yana jin kowace kalma daga kan gadonsa. A ranar aka kai shi asibiti.

Wancan kuskuren masu zuciya ne. Akwai wani da ya fi shi ciwo. Wani saurayi ya warke, an sallamo shi daga wurin killacewa, ya dawo gidan da yake haya. Maƙwabta suka sa wa banɗaki kwaɗo, iyaye suna janye 'ya'yansu in ya fito, mai garuwa ya daina tsayawa a ƙofarsa. Waɗansu cikin masu gudunsa benci ɗaya suke zama da shi ranar Lahadi. Wadda ta riƙe shi wata Hajiya ce ta gidan da ke kallon nasu. Kullum gab da shan ruwa sai ta aiko jikanta da kunu da ƙosai, ya ajiye kwanon a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya. Ita kuma ta leƙo daga zaure ta ce, "Ɗana, ya ƙarfin jiki?" Da ya ba ni labari sai da na ji kunya ta rufe ni. Mu da muke karanta labarin Basamariye tun muna ajin yara, ga shi an yi mana shi a aikace a kan layinmu.

Abin da Hajiyar nan ta yi shi ne daidai abin da nake koyarwa. Ba ta shiga ɗakin ba, ba ta kuma yasar da shi ba. In cuta mai yaɗuwa ta kama wani naku, a ware mutum ɗaya ya yi jinya, mai ƙarfin jiki, ba tsoho ba, ba mai ciki ba, ba mai suga ko asma ba. Ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki, a bar taga a buɗe, a ware wa majinyaci kofinsa da cokalinsa, a wanke hannu da sabulu na kamar daƙiƙa 20 bayan kowace hidima. Sauranku aiki bai ƙare muku ba: wani ya ɗebo ruwa, wani ya sayo magani, wani ya sa masa kati a waya, wani ya kira shi safe da yamma. Kaɗaici yana karya majinyaci sosai, na gani da idona. In kuwa numfashi ya fara yi masa wuya, ko ya rikice, ko ya kasa shan ruwa, ba lokacin kwanan addu'a a gida ba ne. A ɗauke shi zuwa asibiti, a ci gaba da addu'ar a hanya.

Sai maganar ɓoye ciwo. Na san dalilin da ya sa ake yi: tsoron a ɗauke mutum, tsoron bakin mutane, tsoron rasa wurin aiki. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya sha maganin zazzaɓi don jikinsa ya yi sanyi, ya shiga cikin mawaƙa yana buɗe murya, tsofaffin da ke bencin gaba ya sa a haɗari. Zamanka a gida ranar Lahadi biyu ba ja da baya ba ne cikin bangaskiya. Fastoci da dattawan ikkilisiya, ku faɗi wannan daga bagadi, domin bakinku ya fi namu tasiri.

Ba kuma za a ce wa mai hannu baka hannu ƙwarya ya zauna a gida a bar shi haka ba. A kullen 2020, ɗan dako da mai wankin kai da gwauruwa mai tuyar ƙosai yunwa suka fi tsoro, ba korona ba. Ikkilisiyar da ta ce a zauna a gida, wajibi ne ta buɗe akwatin baiko ta auno shinkafa da gari. In an tashi rabo kuma, kada a tambayi mutum inda yake ibada.

Wayar hannu ma wurin nuna ƙauna ce. Saƙon da ya ce tafarnuwa ko ruwan zafi na kashe cutar, ko allurar rigakafi alamar dabba ce, kada ki tura wa ƙungiyar Zumunta don kawai an rubuta "amin" a ƙasansa. Ki tambayi ma'aikacin lafiya tukuna, ko ki kira 6232, layin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, kyauta ne.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona. A wannan shekarar kuma mashaƙo ke ta kwantar da yara a Kano fiye da kowace jiha a ƙasar nan, galibinsu waɗanda ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala ba. Alamunsa ciwon maƙogwaro ne, da zazzaɓi, da kumburin wuya, da wata fata mai ruwan toka da ke shimfiɗuwa a maƙogwaro har ta toshe numfashi. Allurar Penta da ke kare yaro daga mashaƙo ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, ba a biyan ko kwabo a asibitocin gwamnati.

Roƙona ga shugabannin Zumuntar Mata da na matasa: kafin Lahadi mai zuwa, ku rubuta sunayen tsofaffi da gwauraye da masu zaman kaɗaici a ikkilisiyarku da layinku, kowane suna a ɗora shi a wuyan mutum ɗaya da zai riƙa leƙa shi. Iyaye mata kuma ku zo sujada da katin rigakafin yaranku. Duk wanda aka ga gurbi a katinsa, a samu wadda za ta raka uwar asibitin unguwa ranar rigakafi, ta taya ta riƙon goyo a layi.