Waiwaye: Lambobin da aka san suna rabuwa, aka rasa mai raba su

Duk shekara in na karɓi sababbin ɗalibai a makarantar da nake koyarwa a Tudun Wadar Zariya, nakan rubuta 91 a allo, in tambaya ko akwai lambar da za ta raba ta ba saura, ban da 1 da ita kanta. Yawanci sai a ce babu. Can sai wata yarinya daga kujerar baya ta ɗaga hannu: "Malam, bakwai sau goma sha uku." Ninka 7 da 13 kowa ya iya. Komowa daga 91 zuwa ga iyayenta, nan gizo ke saƙa.

Manyan masana ma sun sha kaye a nan. A 1640 Pierre de Fermat, Bafaranshe, ya lura cewa 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk ba sa rabuwa, sai ya ɗauka ta gaba a jerin (ana samun kowace ne in an cire ɗaya daga ta bayanta, an ninka abin da ya rage da kansa, an ƙara ɗaya), wato 4,294,967,297, ita ma haka take. Sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce. Ina son wannan shekarar saboda wani dalili namu na gida: a cikinta ne Muhammad al-Kashinawi, malamin nan Bakatsine da ya rasu a Alƙahira, ya rubuta aikinsa kan hatimi.

Abin da ya fi ɗaure kai ya biyo baya. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar cewa in aka jera 2 har guda 67 aka ninka su, aka cire ɗaya, abin da ya fito yana rabuwa. Amma bai san me ke raba shi ba. Kamar a ce an tabbatar yaro yana da iyaye, an kuma rasa mai nuna gidansu. Shekara 27 ana haka, sai a 1903 Frank Nelson Cole ya tashi a taron masana a New York, ya ɗauki alli, ya fitar da lambar a gefe ɗaya na allo, a ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287. Amsa ta zo daidai. An ce ko uffan bai ce ba ya koma ya zauna, kuma ranakun Lahadi na shekara uku aikin ya ci masa.

Har zuwa lokacin abin sha'awa ce kawai ta malamai. A 1977 Rivest, Shamir da Adleman na jami'ar MIT a Amurka suka mai da wahalar ta zama kwaɗon kulle saƙon sirri: a ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa, a baje sakamakon kowa ya gani, a ɓoye biyun. Wanda bai san su ba, ba zai buɗe saƙon ba. Tsarin da ake kira RSA ke nan, daga haruffan farko na sunayensu. Don gwaji aka fitar da lamba mai alƙaluma 129, da ladan dala 100. Sai 1994 aka fasa ta, bayan kimanin mutum 600 sun haɗa ƙarfin kwamfutocinsu ta intanet na tsawon watanni. A 2020 an fasa mai alƙaluma 250.

Yau makullan RSA da shafukan intanet da yawa ke dogaro da su alƙaluma 617 gare su, kuma ba wanda ya taɓa nuna ya fasa irinsu. Na kan tuna wannan in na tsaya gaban mai POS a Samaru, daura da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ina jiran ɗan injin ya turo rasit. Abin da ke damuna shi ne yaranmu suna haddace lambobi marasa rabuwa don jarabawa kawai, ba wanda ya gaya musu ina aka kai su aiki. Shi ya sa a zangon nan, bayan 91, na ƙara musu 4,294,967,297 a allo, na ce su fara da 641, kuma ban yarda a taɓa kalkuleta ba.