Waiwaye: Yadda tsoratarwa ta zama jarin neman zaɓe a Amurka

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Amurka sai muhawarar ta dawo sabuwa. Wayoyin mutane kan cika da saƙonnin da ke cewa ƙasa na bakin rami, idan ɗaya ɓangaren ya ci to shi ke nan, a turo dala 5 kafin ƙarfe 12 na dare. Masu sharhi kan ɗora laifin a kan Facebook da wayar hannu, wasu kuma su ce 'yan siyasar yanzu ne ba su da kunya. Amma salon nan ya girmi intanet da shekaru masu yawa, kuma an ƙera shi ne da takarda da ambulan da kan sarki.

Abin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. Ranar 7 ga Satumba 1964 aka nuna a talabijin wani tallan kamfen na Shugaba Lyndon Johnson, na wata yarinya mai ƙirga ganyen fure, ƙirgar ta rikiɗe ta koma ta tayar da bam ɗin nukiliya. Sau ɗaya aka biya kuɗin nuna shi, sauran aikin labaran talabijin suka yi. A 1988 kuma aka yi tallan sukar wani ɗan takarar shugaban ƙasa da ya ginu a kan wani fursuna da ya aikata ta'asa bayan an ba shi izinin fita na ɗan lokaci. Waɗannan biyun su ake ambata kullum, sai dai dukansu an watsa su ne ga kowa da kowa, da niyyar jawo wanda bai tsayar da shawara ba. Saƙon da ake aika wa 'yan ga-ni-kashe-ni kaɗai, wanda sauran jama'a ba sa gani, daga wata hanya ya fito.

Hanyar ta faɗaɗa ne a 1974. Bayan badaƙalar Watergate, wadda ta sa Shugaba Nixon ya yi murabus, an yi wa dokar kuɗin yaƙin neman zaɓe ta 1971 gyara, aka ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ba ɗan takarar tarayya fiye da dala 1,000 a kowane zaɓe ba. Niyyar mai kyau ce, domin a zaɓen 1972 wani attajirin Chicago shi kaɗai ya ba da kimanin dala miliyan 2. Dokar ta kuma tanadi cewa a zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, baitulmali zai ninka wa ɗan takara dala 250 ta farko daga kowane mai ba da gudummawa, muddin ya tara dala 5,000 a kowace jiha cikin jihohi 20. A Janairun 1976 Kotun Ƙoli ta amince da iyakar abin da mutum zai bayar, amma ta soke iyakar abin da ɗan takara zai kashe. To ka ga inda aka tsaya: buƙatar kuɗi ba ta da rufi, bakin rijiya kuwa an tsuke shi. Abin da attajiri ɗaya ke bayarwa a da, yanzu sai an nemo mutum 2,000 kowa ya cika iyakarsa, ko kuma dubun dubatan masu dala 10 da dala 25.

A lokacin babbar hanyar isa ga irin waɗannan mutane ita ce wasiƙa ta gidan waya. Lambobin shiyya na gidan waya sun fara aiki tun 1963, kwamfutoci kuma sun fara riƙe sunaye a kaset, saboda haka ana iya ware adireshi dubu ɗari cikin sauƙi. Yadda sana'ar ke tafiya shi ne abin da ya kamata a duba da kyau.

Da farko ana hayar jerin sunaye daga mujalla ko ƙungiya ko wani tsohon kamfen. Haya ce ta amfani sau ɗaya, kuma mai jerin kan cusa sunayen bogi a ciki domin ya kama wanda ya sake amfani da shi ba izini. Wannan zagayen na lalube yawanci ba ya kawo riba. Idan mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari suka amsa, an gode Allah, kuɗin bugu da kan sarki kan cinye abin da ya shigo. Ribar tana cikin sunan wanda ya amsa. Shi ya zama ɗan gida, za a sake rubuta masa bayan 'yan makonni, kuma 'yan gida sun fi baƙi amsawa nesa ba kusa ba.

Sai gwaji, kuma a nan ne tsoro ya samu gindin zama. Kafin a buga wasiƙa dubu ɗari, a ce an aika samfuri biyu ga mutum 5,000 kowanne. Kowane katin amsa yana ɗauke da lamba, don haka idan ambulan suka dawo ana sanin wace wasiƙa ce ta kawo nawa. Wadda ta yi nasara ta zama ma'auni, sabuwa kuma sai ta kayar da ita kafin a karɓe ta. Ba a buƙatar wani ya zauna ya yanke shawarar firgita mutane. Wasiƙar da ke bayanin manufar haraji cikin natsuwa za ta sha kaye a hannun wadda ke cewa za a ƙwace maka abin da kake ƙauna, kuma marubucin da ya ƙi bin sakamakon zai rasa aikinsa. A ganina nan ne tushen lamarin yake: awon da ake yi yana ƙirga kuɗin da ya dawo ne kawai, ba ya ƙirga abin da wasiƙar ta bari a zuciyar mutum 98 da ba su amsa ba.

Daga wannan gwaji aka fitar da ginin da har yau bai canza ba. Abokin gaba mai fuska, wa'adi na kusa, abu guda mai sauƙi da za a yi yanzu, da adadin kuɗi da aka ɗora a kan abin da mutumin ya bayar a baya. Masu nazarin halayyar masu zaɓe sun nuna cewa tsoro tsagwaronsa kan sa mutum ya dakata ya nemi ƙarin bayani, fushi ne ke tayar da shi tsaye. Shi ya sa wasiƙar ke buɗewa da barazana, ta rufe da nuna wanda za a ji haushinsa. Akwai kuma sirri. Tallan talabijin abokin hamayya zai gani ya mayar da martani, 'yan jarida su bincika. Wasiƙa kuwa daga akwati sai teburin cin abinci, don haka ana rubuta abin da ba za a iya faɗa a bainar jama'a ba. Masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi duk sun koyi sana'ar, kowa da dodonsa.

Abin da ya biyo baya faɗaɗawa ce kawai. Imel ya kawar da kuɗin kan sarki, gwajin da ke cin makonni ya koma na awa ɗaya. A 2012 wani kamfen na shugaban ƙasa ya riƙa gwada kanun saƙo iri-iri kafin ya aika wa miliyoyi, kuma kanun da ke kukan cewa abokin hamayya zai fi shi kashe kuɗi ya tara sama da dala miliyan 2 shi kaɗai. Lissafin ƙuri'a ma ya karkata wajen. Wani nazari na 2018 da ya haɗa gwaje-gwaje 49 ya gano cewa a babban zaɓe, tuntuɓar kamfen kusan ba ta sauya ra'ayin kowa. A zaɓen rabin wa'adi na 2014 kuwa, wato na 'yan majalisa da ake yi a tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa, ƙasa da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka cancanta ne suka fita. Wanda ke riƙe da waɗannan alƙaluma zai ga fito da nasa ya fi masa arha a kan lallashin na wani.

Illar ta fara ne daga cikin gida. Jerin sunaye yana gajiya, barazanar bara ba ta motsa kowa bana, sai an ƙara gishiri kafin a samu abin da aka samu a da. Sunan mai bayarwa yana yawo daga hannu zuwa hannu har mutum ɗaya ya riƙa samun saƙo goma a yini, kuma tsofaffi masu zaman kaɗaici su suka fi faɗawa. Ɗan takarar da ya shekara yana gaya wa magoya bayansa cewa ɗaya ɓangaren halaka ne, idan ya shiga majalisa ba ya iya zama da su a sasanta kan kasafin kuɗi ba tare da 'yan gidansa sun kira shi maci amana ba. A 2021 hukumar zaɓe ta tarayya, wadda kwamishinoninta na jam'iyyun biyu ba kasafai suke haɗuwa a kan magana ɗaya ba, ta nemi majalisa baki ɗaya da ta haramta akwatin nan na shafin ba da gudummawa a intanet da ake cike wa mutum tun kafin ya duba, wanda ke mayar da gudummawar sau ɗaya ta zama cirar kuɗi duk wata daga asusunsa.