Fasa tsakuwar ƙoda da na'ura ba tare da yanka ba

Litotirifsi, wanda likitocinmu masu karatun Faransanci ke ce wa litotiripsi, hanya ce ta fasa tsakuwar ƙoda daga wajen jiki, babu wuƙa babu ɗinki. Sunan daga harshen Girka ya zo, ma'anarsa niƙa dutse. Na'ura ce ke aika wani irin bugu na sauti mai ƙarfin gaske, ya ratsa fata da nama bai yi musu wata babbar illa ba, sai ya je ya taru a kan tsakuwar, a yi ta bugunta har ta rugurguje ta koma kamar rairayi, daga baya ta biyo fitsari ta fita.

A Jamus aka fara. Kamfanin Dornier, wanda asali jiragen sama yake ƙerawa, shi ya haɗa kai da likitocin birnin Munik, cikinsu har da Christian Chaussy, aka yi wa mutum na farko a watan Fabrairun 1980. Amurka ta amince da na'urar a 1984. A lokacin cikin kwamin ruwa ake tsoma mara lafiya gaba ɗaya, saboda bugun ya fi tafiya daidai a ruwa. Yanzu kam kwanciya kawai za ka yi a kan gado, a shafa maka wani mai santsi a kwiɓi, a manna wani matashi mai ruwa a ciki.

Kafin a fara sai an gano inda tsakuwar take da ekografi, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da sauti, ko hoton radiyo, wato irin hoton da ake duba ƙashi da shi. Aikin kan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, bugu wajen 2000 zuwa 3000, wani lokaci ya ɗan fi. Akwai zafi, kar a ce babu, shi ya sa ake ba da maganin kashe ciwo, wasu ma sai an sa su barci. Galibi ranar ake komawa gida.

Toh amma fa ba kowace tsakuwa ce take jin wannan bugun ba, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa, don da yawa sun ɗauka duk mai tsakuwa na'ura ce maganinsa. Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci da kanta take fita in ana shan ruwa. Wadda ta wuce santimita 2 kuwa ta yi wa na'urar girma, sai dai a shiga da kyamara ta hanyar fitsari a fasa ta da leza, wato wani siririn haske mai ƙarfi, ko a huda ƙaramar kafa ta baya a ciro ta. Akwai kuma tsakuwoyi masu taurin tsiya irin na sistin, wani sinadari da ke taruwa a fitsarin wasu mutane, waɗanda ko an buga ba su cika fashewa ba, haka mai ƙiba sosai bugun kan rasa ƙarfi kafin ya isa. Mace mai ciki ba a yi mata sam. Wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri, ko yake shan maganin tsinka jini, ko yake da ƙwayar cuta a fitsarin da ba a magance ba tukuna, shi ma sai an gyara wannan da farko.

Bayan aikin za a ga jini a fitsari kwana ɗaya ko biyu, wurin ya ɗan yi tsami, ɓurɓushin kuma in yana saukowa yakan murɗa ciki kamar ciwon farko, wani lokaci ya jeru ya toshe bututun da ke kai fitsari mafitsara, shi ya sa wasu ake sa musu ɗan siririn roba a ciki na ɗan lokaci. Zazzaɓi ko fitsari ya tsaya, wannan ba na jira ba ne, a koma asibiti nan take. Wani sai an maimaita masa sau biyu ko uku.

Wani abu da ya shafe mu musamman: a yankin Lagwan da Maga, a arewacin Kamaru, tsagiya ta yi yawa, ita ma jini take sa wa a fitsari, don haka ganin jini kaɗai ba ya nufin tsakuwa ce, sai an auna.

Na'urar tana da tsada, a manyan asibitocin manyan birane ake samunta, mutumin ƙauye sai ya haɗa kuɗin mota da na masauki kafin na aiki. Kuma ita fasa tsakuwar da ke nan take yi, ba ta hana wata fitowa, kusan rabin waɗanda suka taɓa yi takan dawo musu cikin shekara 5 zuwa 10. A Marwa da Garwa da Kuseri da Njamena, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗan moto ko mai noma ya wuni gumi na zuba, fitsarinsa kaɗan kuma ja wur, ga gishiri da dunƙule a miya ga nama, a haka gishirin cikin fitsari ke dunƙulewa. Likitoci na so wanda aka yi wa aikin ya riƙa shan ruwan da zai sa ya yi fitsarin lita 2 zuwa 2 da rabi a rana, har ya ga launinsa ya yi fari-fari. Mai azumi kuma ya raba shan nasa tsakanin buɗa-baki da sahur.