Suna ɗaya ba ya nufin jini ɗaya a Ingila

An daɗe ana cewa wai duk wanda sunan gidansu ya zo ɗaya da na wani basaraken Ingila na zamanin da, to jininsa ne. Gaskiya ba haka abin yake ba. Sai wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 talakawa suka fara gadon suna, yawanci daga sana'a ko ƙauye aka ɗauko shi, maƙera biyu da ba su taɓa haɗuwa ba kowa Smith ake ce masa. Rajistar baftisma da aure a coci ma sai 1538 aka fara ta, kafin nan talaka sai dai a takardun haraji ko na kotu. Mai son tabbatarwa ya faro daga kakansa ya yi baya, kowane uba da ɗa sai takarda ta haɗa su. Don Allah a tura wa wasu.