Haɗin bakin ƴan mai da na jiragen ruwa a Ayislan, daga ina abin ya faro?

Ayislan tsibiri ne can arewacin tekun Atlantika, mutanenta duka-duka ba su cika dubu 400 ba, kuma mai da hatsi da kayan gini duk jirgin ruwa ke kawo musu. To a ƙasa irin wannan, kowace harka ka taɓa kamfani biyu ko uku ne ke riƙe da ita, manyansu kuma duk a Reykjavik babban birnin ƙasar suke, kowa ya san kowa.

A da gwamnati ce ke yanka farashi. Tun 1953 suke sayen mai daga Tarayyar Sobiyet su ba da kifi, kamfanoni uku ke rabawa a cikin ƙasa, na Esso da Skeljungur mai tambarin Shell da kuma Olís, farashi ɗaya a ko'ina. A 1993 aka kawo dokar gasar kasuwanci, daidai lokacin da ƙasar ke shirin shiga kasuwar bai ɗaya ta Turai, aka ce daga yau kowa tashi ta fisshe shi. Amma mutanen da suka shekara arba'in suna zama teburi ɗaya da yardar gwamnati, takarda ce za ta raba su rana ɗaya? Ba su rabu ba wallahi, ci gaba suka yi a ɓoye.

A Disamban 2001 jami'an hukumar gasa suka dira ofisoshinsu suka kwashe takardu, sai ga shi ashe farashi tare ake tsarawa, kwastomomi rabawa ake yi, kwangila ma idan aka buɗe tun kafin a kai takarda an gama shirya wanda zai ci, har da ta motocin bas na birnin Reykjavik, wato kuɗin talakan da ke biyan haraji kenan, kuma wannan ne ya fi ci min rai. A Oktoban 2004 aka ci su tarar biliyan 2.6 na kurona, kuɗin ƙasar, suka ɗaukaka ƙara aka rage zuwa biliyan 1.5. Magajin garin Reykjavik na lokacin, Thorolfur Arnason, sai da ya ajiye muƙami saboda ya taɓa zama babban jami'in talla a ɗaya daga cikin kamfanonin. Su kuwa shugabannin ukun, kotun ƙoli ta kori tuhumar da ake musu a 2007, ba wanda ya kwana a gidan yari.

An sake dokar a 2005 aka kafa hukuma mai ƙarfi fiye da ta da. Sai kuma ga maganar kamfanonin jiragen ruwa, Eimskip da Samskip, su ne ke ɗauko galibin kwantenan da ke shiga ƙasar, kun ga in suka haɗa baki to har kuɗin burodi sai ya ji a jikinsa. An kai musu samame a 2013 kan zargin sun raba kasuwa tun 2008, shekarar da bankunan ƙasar suka durƙushe jama'a na cikin ƙunci. Eimskip ya amsa laifi a 2021 ya biya biliyan 1.5, Samskip ya musanta, a 2023 aka yanka masa biliyan 4.2 ya ɗaukaka ƙara. Shekara goma cur tsakanin samame da hukunci, kuma duk tsawon lokacin ɗan kasuwan da ya ba da shaida dole gobe ya koma ya ɗora kayansa a jirgin ɗaya daga cikin biyun nan.